Alhaji Miƙo-Min da Ranar Tashi Tsaye

Ba kowane gari Allah yake ba mutumin da zai riƙa yin tunani a madadin kowa ba. Bagudo ta dace da nata: Alhaji Lauwali, dillalin wayoyin hannu, shugaban ƙungiyar iyayen yara ta wata makarantar firamare, Garkuwan Yara. Wannan sarauta ta ƙarshe shi ya naɗa wa kansa, don bai ga dalilin wahalar da masu naɗi ba.

Mutum ne mai tsananin son motsa jiki, musamman jikin wasu. Daga hantsi zuwa la'asar yana bisa kujerar kushin a ƙofar shagonsa, yana tafiyar da duniya da yatsa. Buta tana daf da ƙafarsa, amma sai ya kira mai wucewa daga tsallaken titi ya miƙo masa. Shi ya sa mutanen gari, saboda ƙauna, suke ce masa Alhaji Miƙo-Min. A bayan idonsa suke faɗa, don kada yabon ya yi masa yawa.

Bana iyaye suka shiga damuwa. Yara sun daina guje-guje. An tashi daga makaranta, sai ka gan su jere a gindin katanga, kai a sunkuye, kamar masu zaman makoki. Aka kira taron iyaye, kowa ya kawo abin da yake gani. Wasu suka ce wayar hannu ce ta ɗaure su. Wasu suka ce gidan kallon ƙwallo ne, inda yaro zai wuni yana kallon wasu ƙattai suna gudun da shi ya kamata ya yi. Mata suka aiko cewa su da kansu suke hana ƙananan fita, saboda 'yan acaɓa sun mai da lungu hanyar tsere. Malam Jabiru, wani masunci da ba ya son dogon zance, ya ce shi dai ya san tun da aka kewaye filin bayan makaranta da kwano, yara ba su da inda za su buga ƙwallo.

Alhaji ya saurara da haƙuri irin na manya. Sai dai an yi rashin sa'a: wayoyin daga shagonsa suke fitowa, gidan kallon nasa ne, kwanon da ya kewaye filin ma nasa ne, a ciki yake jibge kwalayen kayan da ake shigo masa da su daga ƙetaren iyaka. Saboda haka, cikin adalci, ya wanke su duka. Waya ilimi ce, in ji shi. Gidan kallo kuwa yana koya wa yaro sanin ƙasashen duniya. Batun fili ya ce ba ya cikin abin da aka taru a kai.

"Jama'a, ku bar kame-kame," in ji shi, yana gyara zama. "Ni na yi yawon duniya. Na shiga Benin, na ga ɗiyansu da idona. Yaro ƙarami shina tafiya kamar soja! Namu lalaci ne kawai, kuma wajen uwaye sunka sha shi."

Gaskiya ne ya shiga Benin. Ya leƙa wata kasuwar bakin iyaka, ya ga yaran ta tagar mota, ya dawo da kalmar Faransanci guda ɗaya wadda har yau ba a samu wanda ya gane ta ba, har da mutanen Benin ɗin.

Nan take ya yanke magani: za a yi Ranar Tashi Tsaye, shi da kansa zai yi wa yara jawabin da zai zare musu lalaci daga ƙashi.

Ranar Asabar tun da sanyin safiya aka tara yara a harabar makaranta. Malamai suka zaunar da su a ƙasa sahu-sahu, aka gargaɗe su kada wanda ya motsa kafin babban baƙo ya iso. Rana ta ɗaga. Inuwar dalbejiya ta janye ta bar su. Babban baƙo yana gida ana goge masa babbar riga.

Sai wajen azahar ya bayyana a bayan babur, ko da yake daga ƙofar makaranta ana hango zaurensa. Wani babur ɗin yana biye da kujerar kushin, an ɗaure ta da igiya kamar tunkiyar da aka sayo a kasuwa. Aka sauke kujera a ragowar inuwa, aka sauke Alhaji a kan kujera. Aka ba shi lasifika, ya ce a riƙe masa.

Ya fara daga zamanin kakanni. Ya ce shi yana yaro a ƙafa yake zuwa garin Kurgu ya dawo kafin a sauke koko. Da jawabi ya yi zafi, Kurgu ta koma Dole Kaina, can bakin iyaka. Can gaba kuma ya ƙetare kogin Kwara da iyo, da buhun gero a ka. Tsofaffin da suka san shi tun yana roƙon a ɗora shi a jaki suka sunkuyar da kai, suna girmama tarihi.

Wata yarinya da ƙafarta ta yi tsami ta miƙe don ta ɗan taka.

"Ke, zauna!" Alhaji ya daka mata tsawa ta lasifika. "Ana maganar motsi kina motsi? Wanga rashin tarbiyya shi muke faɗa."

Ta zauna. Duk wanda ya ƙara yunƙurawa, haka aka mai da shi ƙasa, har aka samu natsuwar da ta dace da Ranar Tashi Tsaye.

Ana cikin haka sai ga Sabuwa mai soyayyen kifi, yayar Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, mace ɗaya tak a Bagudo da ba ta taɓa jin labarin sarautarsa ba. Jikarta Mashkura take nema, wadda ta fita tun safe ko karyawa ba ta yi ba. Ta ratsa sahu, ta same ta tana gyangyaɗi, ta ɗaga ta. Yarinyar ta kasa tsayuwa sai da ta dafa kakarta. Sabuwa ta dubi yaran da suka yi laushi a rana, ta dubi ƙanenta a inuwa. Ba ta ɗaga murya ba, amma mai riƙe da lasifika, ko da gangan ko da kuskure, ya karkato ta wajenta.

"Lauwali, mun daɗe muna biɗar abin da ke zaunar muna da ɗiya. Yau dai mun gane shi. Ga shi nan bisa kujera da babbar riga."

Ta ja jikarta ta wuce. Sauran yaran suka miƙe da ɗingishi, wannan na riƙe da wancan. Malam Jabiru kuwa ya tashi. Ya zagaya bayan makaranta, ya kwance wayar ƙarfen da aka ɗaure ƙofar kwanon da ita, ya tura ƙofar. Kafin a kira la'asar ƙura ta tashi a filin, kwalayen Alhaji biyu sun zama ragar gola, kuma ba a ga yaro ko ɗaya a gindin katanga ba.

Alhaji ya hango su daga inda yake, ya gyaɗa kai, ya shaida wa malamai cewa wannan shi ne tasirin jawabi mai ratsa zuciya. Duk da haka, don kada a saba, ya kafa kwamiti mai ƙarfi da zai binciko yadda aka yi ƙofar ta buɗe. Shi ne shugaba, shi ne sakatare.

Har yau kwamitin yana zaune.