Dogon Maɓallin da Yaya Ya Hana Ni Taɓawa

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da muka taru kan tsohuwar kwamfutarmu a gidan mahaifiyarmu Hajiya ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A unguwar Harra ta Yamma, nan ƙasar Larabawa, aka haife mu. Muna yara Baba ya sayo wa Yaya Bashir kwamfuta irin ta da, wadda ake jonawa da talabijin a soka mata kaset a ka. Namu kaset ɗin na wani ɗan zomo ne mai gudu yana tsallake ramuka yana tsintar karas. Yaya da abokansa ke zama a gaba, mu ƙanana a baya, ko tari ba a yarda ka yi ba. Sai na ɓare baki da kuka Hajiya ta leƙo ta ce, "Bashir, ka ba ƙaninka ya taɓa mana!" Sannan zai turo mini ita, da sharaɗi guda: in danna kibiyoyi son raina, amma kada in kuskura in taɓa dogon maɓallin nan na ƙasa, wai yana ƙona kwamfuta.

Kuma wallahi na iya! Zomona bai taɓa faɗawa rami ba. Kullum sai na kai shi bakin wata gada, allo ya yi baƙi, Yaya ya tafa mini ya ce, "Halas, shi ke nan, ka cinye, kawo."

Da wannan tarihi na girma, da shi kuma nake cika wa 'yata Jumana kunne. Yarinyar ba ta ɗaga kai daga waya. In na yi mata Hausa ta amsa da Larabci, amsar ma a gutsure, abin kuwa yana cin raina. Na rasa ta inda zan shiga duniyarta sai ta kan zomo. "Lokacin da ubanki ke wasa, unguwa guda ke taruwa kallo," haka nake ce mata (unguwar nan Yaya ne da abokansa biyu, amma wa ya tambaye ni?). Sai ta ce "tayyib, Baba," wato "to" kawai, idonta na kan waya.

To, Yaya ya hau sama duba tankin ruwa ya ci karo da kwamfutar a kwali, har da kaset. Ya bugo mini waya ya ce tana aiki, mu haɗu gidan Hajiya Juma'a bayan la'asar. Tun daga nan zama ya gagare ni. A ofis ina motsa yatsu a kan tebur. A danja ina yi a kan sitiyari har na baya ya cika ni da oda. Matata ta ce ko kuɗin cizo ne a kujerun gidan.

Ranar falo ya cika: Hajiya, ƙannena, matansu, 'ya'yansu. Ban ko taɓa gahawata ba. Zomo na bayyana a talabijin na naɗe hannun riga na ce, "Jumana, ajiye wayar nan ki ga aiki." Ta ajiye kuwa! Na hau danna kibiyoyi, zomo na tsalle, ina kurarin kaina: "Kin gani? Hannu bai manta ba!" Na lura Yaya ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, na ɗauka tuna baya ne ya taɓa masa zuciya.

Jumana ta matso ta ƙura wa allon ido. Akwai wani rubutun Turanci da ke ƙyaftawa a tsakiya, ni ko kallonsa ban yi ba, tun ina yaro ado na ɗauke shi. Ta ce da Larabci, "Baba, ai wasan bai fara ba, kansa yake bugawa. Cewa yake ka danna nan." Ta kai yatsa kan dogon maɓallin.

Na daka tsawa: "Kar ki taɓa! Za ta ƙone!"

Ni, mai furfura a gemu, mai wuni gaban kwamfuta a ofis. Ina! Ta riga ta danna. Kiɗa ya canza, zomo ya tsaya yana jirana a karo na farko a rayuwata. Na danna kibiya, ya taka, ya faɗa ramin farko. Ya dawo, ya sake faɗawa. Haka muka yi har rayukansa suka ƙare.

Yaya ya kife a kan kafet yana dariya har da haki. "Ka yafe ni," in ji shi, hawaye shaɓe-shaɓe, "in na bar ka ka fara da gaske, yaushe za ka tashi?" Hajiya ta rufe baki da mayafi ta ce, "Ai ni na sani, to amma kukan ya tsaya ko bai tsaya ba?" Har Hajiya, jama'a! Na ji kamar in bi zomon nan cikin rami. Na kasa kallon Jumana, don na san ɗan abin da nake taƙama da shi a gabanta ya tafi.

Sai na ji ta zauna a gefena, tana ture ni da kafaɗa. Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, matsa. Ni koya maka."

Har aka kira magariba wayarta na yashe a kan kujera. Yanzu kwamfutar tana gidana (Yaya bai isa ya hana ba), kuma har yau ban kai gadar nan ba. Abin da na koya shi ne, in babban wa ya ce kada ka taɓa abu don zai ƙone, ka duba da kyau ko layinsa yake tsarewa.