Ranar da Na Yi wa Likita Kirari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ci amanata ba, kuma tun farko in faɗi gaskiya, wautar tawa ce ni kaɗai. Ni sankira ne. Shekara arba'in da ɗoriya, duk bikin da aka yi daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, in ka ji murya ta tsaga taro, tawa ce. Boko kuwa aji uku na yi na gudu (malamin ma hamdala ya yi).

Likita Bala abokina ne tun muna langa a ƙofar gidansu. Shi ya yi karatu, ni na yi surutu. Da ya yi ritaya sai ya kama wasan golf, wanda ake bugun 'yar ƙwallo da sanda a bi ta a ƙafa har ta faɗa rami. Na ce, "Bature, tsufa ya zo da gardama ke nan? Ka kori abu da kanka, ka bi shi da kanka?" Ya ce, "Sankira, ba wasan ƙarfi ba ne. Wanda ya iya riƙe zuciyarsa shi ke ci." Sau ɗaya ya ba ni sandar na gwada. Na haƙo ƙasar da ta isa a shuka gyaɗa, ƙwallo tana zaune tana kallona.

Daga baya hannunsa ya fara rawa, kofin shayi ma sai da hannu biyu. Ya ce akwai gasar dattawa, ya daɗe yana nema bai taɓa ci ba, kuma wannan ce ta ƙarshe da zai iya shiga. "Zo ka raka ni. Sharaɗi ɗaya ne, in mutum zai buga, ko tari ba a yi." Na ce ai kurma ma sai ya fi ni magana.

Wallahi na yi ƙoƙari. Rami goma sha bakwai ina haɗiye magana har cikina ya kumbura. Kuma na ga abin mamaki. Mutumin da shayi ke zube masa a riga, in ya tsaya kan ƙwallo sai ya ja numfashi, ya jira hannun ya kwanta kamar mai lallashin jariri, sannan ya buga. Ƙwallo ta faɗa yashi, ta shige ciyawa, ko tsaki bai yi ba.

A ramin ƙarshe aka raɗa mini cewa sun yi kunnen doki da wani Alhaji daga Gyallesu. In wannan bugun ya shiga, kofi na Likita ne. Tsakanin ƙwallo da rami bai fi taku biyu ba. Ya sunkuya. Fili ya yi tsit. Na kalli furfurarsa, na tuna shi da gajeren wando yana tsallen langa, sai wani abu ya taso mini daga ƙirji. Kafin in ankara:

"Bala na Kwarbai! Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka! Gaba salamun, baya salamun!"

Hannun ya zabura. Ƙwallo ta wuce rami a guje kamar an aike ta kasuwa. Sai da ya ƙara bugu biyu kafin ta shiga.

Wani mai malfa ya ce, "Wai wa ya kawo wannan?" Na so ƙasa ta tsage (ramin da ke kusa kuwa ko ƙafata ba zai ɗauka ba). Likita ya cire hula, ya miƙa wa Alhaji hannu ya taya shi murna, sannan ya ce, "Ni na kawo shi. Abokina ne."

A nan na gane haƙurin da yake faɗi. Shi ya riƙe hannu mai ciwo, ni na kasa riƙe harshe mai lafiya.

Bai sake ɗaukar sanda ba, ba a kuma yi shekara ba Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu in na bi ta gefen filin nan sai in tsaya in yi shiru, shirun da ba wanda ke bukata. Abin da ke dawo mini shi ne hanyarmu ta komawa gida ran nan. Sai da muka shigo Ƙofar Doka, sannan ya juyo yana murmushi:

"Aure na yi, na aurar da 'ya'ya biyar, kullum sai dai ka tsokane ni. Shekara sittin ina jiran ka yi mini kirari, Sankira. Ina ma ka ƙara haƙurin minti ɗaya."