Haruffan Kaka Sun Rame

"Lafiya ƙalau, angona. Kai ne dai na tarar kana hararar kwamfuta kamar ta zage ka."

"Wa ya ce ki shigo? Ai na sake ki tun makon jiya."

"Saki na nawa ke nan? Ni ba inda za ni, sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi a kanka."

Tsohon nan shekara arba'in da ɗaya ya yi yana duba kurakuran rubutu a maɗaba'a, kuma ritaya ba ta raba shi da aikin ba. Mai maɗaba'ar kan turo masa shafuka ta intanet, ya buɗe su a burauza, wato manhajar shiga intanet, ya farauto kuskure ɗaya bayan ɗaya. Kwana tara ke nan da burauzar ta sabunta kanta, haruffa suka rame, suka yi dishi-dishi. Littafi mai shafi tamanin na jiransa, an kuma ce in Alhamis ta yi bai gama ba, wani za a ba. Da yake taurin kai gado ne a gidan, bai gaya wa kowa ba, sai da jikarsa ta biyo daga wurin aiki ta ga tabarau uku jere a kan tebur.

"Shagon tabarau ka buɗe ba ka gayyace ni ba?"

"Bari kawai, amarya. Idon ya tafi. Haka na mahaifina ya fara, da hazo-hazo."

"Kai da ka hango ni tun daga ƙofa ka sake ni?"

"Ke ai ko makaho ya ji takunki ya san masifa ta iso."

Ta ja kujera, ta leƙa allon, sai ta kwashe da dariya.

"Tsoho, ni ma haka nake gani! Ba idonka ba ne, haruffan ne ke jin yunwa. Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Ta ce za ta sabunta, na ce to."

"Duk macen da ta yi maka magana sai ka ce to, ban da ni. Me ka gwada?"

"Na goge gilashin kwamfutar da tsumma. Na kashe na kunna sau bakwai. Na ɗiga maganin ido safe da yamma."

"Idonka ka ɗiga wa, ko kwamfutar?"

"'Yar banza. Da ƙuruciyata daga bakin titi nake hango kuskure a allon shago, in shiga in kunyata mai shi."

"Shi ya sa har yau ba ka da aboki."

Ta shiga saiti, ta share tarkacen da burauzar ta tara. Shiru. Ta sauya nau'in haruffa. Shiru. Tsoho ya zabga tagumi, yana cewa ta bari kawai, ya riga ya rubuta wa mai maɗaba'a saƙon ban kwana, aikawa ce ta rage. Wallahi abin tausayi ne, mutumin da bakinsa ba ya mutuwa ya zauna yana murza hularsa. Can ta gano wani maɓalli da sabuntawar ta kunna da kanta, ta kashe shi, ta rufe burauzar ta sake buɗewa. Haruffa suka fito baƙi ƙirin, ɓul-ɓul da su.

"To ga 'ya'yanka sun ƙoshi. Karanta min layin farko, in ji ko sadakina ya halatta."

Ya ɗauki tabarau na farko, ya matso. Ya sauya na biyu. Ya kai hancinsa dab da allon.

"Kin gama gyaran?"

Ta daina dariya. Ita tana ganin kowane ɗigo tas.

"Takarda fa, Kaka? Kana karanta ta?"

"Na bar takarda tun bara. Tawadar zamanin nan ba ta da kirki."

Ta jawo kwamfutar gabanta. Sannan ta danna, haruffan suka ƙara girma, ta sake dannawa har sau uku, sai da kalma biyar ta cika layi.

"Au, na manta! Sabon yayi ke nan, haka kowa ke karatu yanzu. Kai ne baƙauye."

Ya karanta layin farko a hankali, ya karanta na biyu, ya tsaya.

"Sun maimaita kalma a nan."

"Ka gani? Ido garau!"

"Amarya, shekara arba'in ina auna haruffa. Kin ninka su uku, na sani."

"Sharri dai! To ranar Asabar zan kai ka asibitin ido, in nuna wa likita irin mijin da aka haɗa ni da shi."

Ya yi dariya har da tari, ya goge gefen idonsa. Ya jawo aljihun tebur, ya lalubo jan bironsa na maɗaba'a, wanda ko 'ya'yansa bai taɓa bari sun taɓa ba, ya miƙa mata.

"Kin ci. Na mayar da ke ɗakinki. Riƙe wannan, ki matso kusa. Saura shafi saba'in da tara, ƙananan kurakuran ke za ki riƙa gano min."