Tuwon dawa a bakin jirgin ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jirgin ruwa mai hawa goma sha wani abu ya tsaya jirana ina cin tuwo ba. Har yau idan na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Shekarata uku ke nan a Dubai ina aiki a wani asibitin haƙori, ban leƙa Kano ba ko sau ɗaya. Kullum uzurina tsadar tikiti. Sai ga Ruƙayya, 'yar zangon Kumasi da muke raba ɗaki da ita a unguwar Abu Hail, ta zo da labarin rangwame: kwana huɗu a jirgin yawon shaƙatawa, ci da sha duk a ciki. Na ce wa kaina ai wannan ma hutu ne, kuma ya fi zuwa gida sauƙi (Umma dai ce mata na yi aiki ne ya riƙe ni, Allah Ya yafe mini).

Rana ta uku muka tsaya a tsibirin Bahrain. Masu jirgi suna da nasu motocin zagaya gari, har da mai yi wa baƙi bayani, amma da na ji kuɗin sai na ce ko an rage rabi ba zan shiga ba. Ni da na iya motocin unguwar Deira ta Dubai kamar tafin hannuna? Na zauna na tsara komai a waya: motar kyauta daga tashar jirgi zuwa cikin gari, daga nan bas ta haya zuwa tsohuwar kasuwa, ruwan sha a jaka, burodi biyu da na naɗe a tishu daga wurin karin kumallo. Ruƙayya ta ce ita ƙafarta ba za ta iya wannan rowar ba, ta bi motar masu jirgi. An dai ja mana kunne cewa ƙarfe biyar ake janye matakala.

Kuma wallahi tsarin ya yi aiki. Kafin azahar na ga masallaci, na ga kasuwar zinare, na ɗauki hotuna, ina ta yi wa Ruƙayya dariya a zuciyata. Ina cikin layin masu kayan ƙamshi sai na ji wata murya a bayana tana cewa, “Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah ka rage mana.” Na waiwaya, sai ga wata dattijuwa da mayafi da atamfa tana ciniki da Ba'indiye da Hausa zalla, shi yana kaɗa kai, ita tana nuna masa yatsu. Ban san lokacin da na durƙusa a tsakiyar kasuwa ina gaishe ta ba.

Sunanta Hajiya Tabawa, daga Gwammaja, ta zo wa matar ɗanta zaman jego. Ta tambayi unguwarmu, ta tambayi sunan kakata, ta ce kamar ta san gidan. Sannan ta ce ta zo da garin dawa da kuka da daddawa da man shanu daga gida, kuma gidan ɗan nata nan baya ne kaɗan. A Deira ma ana sayar da tuwo, amma na robar leda ne, mai tuƙa shi bai san sunanka ba. Na duba agogo, ƙarfe ɗaya da rabi. Na ce minti talatin kawai zan yi.

Wanda ya san gidan Bahaushe ya san ƙaryar da na yi wa kaina. Sai da na yi barka, na ɗauki jaririya, na yi sallah, aka kawo kunun kanwa. Tuwo kuwa sai a lokacin aka ɗora ruwansa, don Hajiya ta ce ba za ta ba 'yar mutane ɗumame ba. Ina zaune a ƙofar kicin ina kallon yadda take juya muciya, tana yi mini faɗan na rame, sak Umma. Kewar gida ta taso mini, na kasa cewa zan tafi.

Ƙarfe huɗu saura aka sauke, babu lokacin ci, sai ta zuba mini a kula. Muka yi sallama a falo, muka sake a bakin ƙofa, ta ce sai ta taka mini, muka yi ta uku a titi har da saƙon gaisuwa ga Umma. Bas ta wuce, motar kyauta ta ƙarshe ma ta tafi. Tasi na ɗauka, direban ya karɓi abin da ya fi kuɗin motar masu jirgin da na raina.

Ina sauka na ji ana kiran sunana a lasifika, ana karya shi gida uku. Fasinjoji sun yi cirko-cirko a barandar kowane hawa, suna tafi suna fito, ni kuma ina gudu da abaya, takalmi a hannu ɗaya, kula a ɗaya. A gindin matakala mai gadi ya tare ni, ya ce dafaffen abinci ba ya shiga jirgi, ya nuna mini kwandon shara.

In zubar da tuwon Hajiya a shara? Fasfona yana cikin jirgi, aikina yana jirana ran Litinin, duk na sani. Amma na tsuguna a wurin, na buɗe kular, na sa hannu. Tuwo da zafi, miya tana bin gwiwar hannuna, hawaye na zuba, sama da ni wayoyi ba adadi suna ɗauka. Ruƙayya ta sauko a fusace ta ja ni, ƙamshin daddawa ya buge ta, ta ce, “Kin kashe mu da kunya, wallahi. Matsa mini.” Loma uku ta yi kafin wani jami'i mai fararen kaya ya tisa ƙeyarmu ciki, aka sake barkewa da tafi.

Da muka dawo Dubai na kira Umma na faɗa mata gaskiya duka, har da ƙaryar aikin. Na zaci faɗa za ta yi. Ta fara tambayar yadda zan mayar wa baiwar Allah kularta, sannan ta ce, “Ashe kina iya tsayar da jirgi saboda tuwo. To ni ma fa ina tuƙawa.”

Darasin da na koya: a yawon tsibiri bas ta haya ta fi arha, amma ga wadda ba ta kewar uwarta. Irina kuwa gara ta sayi tikitin Kano tun farko, ta ci tuwonta a zaune. Nawa na watan gobe ne.