Rasuwar Murfin Tukunya, Mai Riƙe Garkuwa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya fi baƙin cikin yawa, mai gyaran firji na ƙarshen layi yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da waɗanda suka taɓa zama abokan arziki, rasuwar jaruminsa na cikin wasan intanet, wanda aka fi sani da Murfin Tukunya. Marigayin ya cika ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a kan bencin shago, tsakanin wani kwampreso da aka ciro daga firji da silindar gas, bayan doguwar jinyar da kamfanin wasan ya ɗora masa da gangan. Goggon mai gyara ta ce kada a kuskura a rubuta wa ɗan tsana addu'ar da ake yi wa mutane, kuma an bi maganarta. Sauran abin da ke ƙasa babu wanda ya isa ya hana.

Ga wanda bai san wasan ba, mutane ne daga ko'ina suke shiga ta kwamfuta, kowa ya ƙera jaruminsa, a haɗu runduna-runduna a tafi yaƙar dodanni. Wani maharbi, wani mai takobi, wani mai magani. Akwai kuma aikin da kowa ke gudu, na mai garkuwa, wanda zai tsaya a gaba dodo ya yi ta jibgarsa har sauran su gama da dodon ta baya. Aikin marigayin ke nan tun daga ranar farko.

An haife shi shekaru fiye da goma da suka wuce, lokacin mai gyara yana koyon sana'a, a wani shagon intanet mai fanka ɗaya wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Garkuwar farko da aka ba shi zagayayya ce mai ɗan ƙulli a tsakiya. Wani da ke kujerar kusa ya leƙo ya ce, "Wannan ai murfin tukunya ne." Sunan ya bi shi. Daga baya ya riƙi garkuwoyi masu tsayin ƙofa, amma bai taɓa neman a canja masa suna ba.

Marigayin mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki. Gemunsa ya kai ƙirji. Idan yana tafiya sai ka ji kamar ana jan tsohuwar firiza a kan siminti. Magana ɗaya aka san shi da ita, "Hm," yakan faɗe ta idan an buge shi, yakan faɗe ta idan ya ci nasara, da murya iri ɗaya. Sai kuma ƙarar garkuwarsa idan ta tare sara, ƙwang, wadda mai gyara yake ji a kunnensa har yanzu duk lokacin da sifana ta faɗi ƙasa. Bai taɓa juya wa dodo baya ba. Wasu sun ce ai ko ya juya ba zai iya gudu ba. Waɗannan mutanen su ne suke ɓuya a bayansa.

Shi ya kafa rundunar farko tare da wata mai magani da kowa ke kira Sista, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari da mai gyara bai taɓa takawa ba, kuma har yau bai san fuskarta ba, muryarta kawai ya sani. Akwai wani dodo da ya tare wata tsohuwar gadar dutse, ya hana kowa wucewa. Sun yi watanni yana kashe su, wasan yana dawo da su da rai suna sake komawa. Ranar da suka kayar da shi, kowa ya faɗi sai su biyu, jinin marigayin ya rage kamar zare.

"Murfi, kana da rai?" in ji Sista.

"Da sauran kaɗan, Sista. Ki ci gaba da ɗura mini."

"Maganina ya ƙare tuntuni. Addu'a kawai nake yi maka."

Dodon ya faɗi. Marigayin ya ce, "Hm."

A waɗannan shekarun ne wani saurayi mai sayar da tayal ya fara zarya a shagon da mai gyara yake koyon sana'a, wai fankarsa ce ta lalace, alhali ƙanwar mai gyara yake nema. Ya ga wasan, ya ce a koya masa. Mai gyara ya koya masa da hannunsa, tun daga yadda ake juya jarumi kada ya yi ta karo da bango. "Yaya, ta ina ake fita daga ruwan nan?" "Yaya, na sake faɗawa rami." Marigayin ya tsaya a gabansa a yaƙe-yaƙe marasa adadi, ya sha dukan da ya kamata a yi wa mai tayal. Daga baya mai gyara ya ba shi ƙanwar, ya kuma ba shi riƙon rundunar, domin shi ma mai gyaran aure ya zo masa, ya buɗe shagon kansa, ga tagwaye sun iso. Abin da ya ce masa kawai shi ne, "Riƙe mini, zan dawo." A cikin kyautukan biyu, ƙanwar ce kaɗai aka ba shi har abada.

Ciwon marigayin ya fara ne a komawa ta farko, bayan an yaye tagwaye. Mai gyara ya buɗe wasan ya tarar an sayar da kamfanin, sababbin masu shi sun kafa kanti a tsakiyar gari suna sayar da fuka-fuki. Duk wanda ya saya sai ya tashi sama ya tsallake gadar dutse, ko kallon dodon bai yi ba. Yaran da ba su taɓa shan mari ɗaya ba suna shawagi a kan marigayin, yana tafe a ƙasa da tsohon dokinsa. Mai gyara ya haɗiye. Ya ce kasuwa ce, kowa da abin da yake ci.

A komawa ta biyu ciwon ya kama ƙashi. Kamfanin ya ƙirƙiro masu garkuwa na haya, waɗanda kwamfuta ke tuƙawa, ba sa gajiya, ba sa tashi su je su duba firjin kowa. Mai gyara ya tsayar da marigayin a ƙofar gari wata ranar Lahadi da rana, ya rubuta a kansa cewa mai garkuwa yana neman runduna. Har rana ta karkata babu wanda ya tsaya, in ban da wani yaro da ya tambaye shi ko shi gunki ne da kamfanin ya ajiye don tarihi.

Komawa ta uku ta bana ce. Mai gyara ya ɗaga wata firiza shi kaɗai, bayansa ya amsa, likita ya ce ya zauna ya huta. A karo na farko cikin shekaru ya samu lokaci. Ya shiga da murna, ya nufi gidan rundunarsa. An canja mata suna. An cire tutar da shi da Sista suka zana. A kujerar shugaba ga mai tayal, da fuka-fukan zinariya guda shida, yana walƙiya kamar shagon sayar da fitilu. Aka yi wa marigayin alfarma, aka ce ya biyo su yaƙi. Suka tashi sama gaba ɗaya. Kafin ya hau tudu da ƙafa, an kashe dodon, an raba ganima, an dawo. Washegari ya tarar da saƙo, an cire shi daga rundunar saboda ƙarancin amfani.

Mai gyara bai kira kowa a waya ba. Ya ɗaura bel ɗin bayansa ya tafi gidan ƙanwarsa, ya sami mai tayal a falo yana miƙe a doguwar kujera da waya a hannu, wasan yana buga kansa da kansa, domin yanzu har wannan ma akwai.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya bayan?"

"Bayan yana nan. Wa ya cire ni?"

"Haba Yaya, wasa ne fa."

"Na san wasa ne. Ni na koya maka. Wa ya cire ni?"

Mai tayal ya ajiye wayar. "Gaskiya yara ne suke ƙorafi. Gurbi ya yi kaɗan, kuma irin naka ya daina aiki. Da za ka buɗe sabo, ni da kaina zan saya maka fuka-fuki."

"Riƙo na ba ka."

"Shekara nawa, Yaya? Ni ma na sha wahala a kanta."

Ƙanwar ta fito daga kicin tana goge hannu. "Yaya, don Allah, kada ku ɓata a kan abin cikin kwamfuta. Zauna ka sha ruwa."

Bai zauna ba. Ya dubi ƙanwarsa ya ce ta gaida yara, ya fita. Mai tayal ya biyo shi har bakin ƙofa yana cewa a yi haƙuri, amma bai ce zai mayar da shi ba, kuma har aka rubuta wannan sanarwa bai mayar ba.

Sai ranar Talata. Kamfanin ya turo babbar sabuntawa, ya ce ya saurari koken jama'a, ya soke aikin garkuwa baki ɗaya, kuma duk masu shi an ɗaga darajarsu kyauta. Mai gyara ya ɗora kwamfutar a kan benci ya jira ta gama. Da allo ya buɗe, sai ga wani siririn saurayi, babu gemu, da wuƙaƙe biyu da hula mai gashin tsuntsu, yana tsalle a wuri ɗaya. A kansa an rubuta Murfin Tukunya. Mai gyara ya taɓa madanni, saurayin ya yi juyi a iska ya ce, "Mu je mu haskaka!" Garkuwar kuwa an mayar da ita kayan ado, tana cikin kantin, ana iya sayenta a rataye a bango.

Ana cikin haka matar mai gyara ta kawo masa abinci. Wannan baiwar Allah ta yi shekaru tana faɗa da marigayin. Ta sha cire masa wayar wuta, ta sha cewa ƙarar garkuwar nan tana tayar mata da yara daga barcin rana. Ta leƙa allon, ta daɗe tana kallo.

"Baban biyu, wannan wane yaro ne? Ina mai gemun?"

"Sun kashe shi."

Ta ajiye kwanon a hankali. "Amma ba su kyauta ba," ta ce. A duk gaisuwar da aka yi masa babu wadda ta kai wannan.

An aika wa kamfanin koke mai tsawo. Amsar ta dawo kafin mai gyara ya wanke hannu, suna godiya da ƙaunarsa, suna fatan yana jin daɗin sabon salo. Mai gyara yana so a sani cewa shi ma yana karɓar kayan mutane ya gyara. Da wata rana zai mayar wa mace firjinta ya zama rediyo, ya ce mata ya ɗaga darajarsa, da unguwa ta taru a kansa.

Marigayin ya rasu ya bar mai gyara, da matarsa, da tagwaye waɗanda suka iya kwaikwayon "Hm" ɗinsa tun kafin su iya kiran sunan mai tayal, mijin goggonsu. Ya bar doki ɗaya da ba ya tashi sama, da madanni ɗaya da ya goge har harafinsa ya ɓace, wanda da shi ake ɗaga garkuwa. Ya bar Sista, wadda ita ma ta daina shiga sai jefi-jefi. Bai bar mai tayal ba. Duk wanda ya ji mai tayal yana cewa shi ɗan gidan marigayin ne, ya tambaye shi launin tsohuwar tutar. Saurayin nan mai hula da ke yawo da sunan kuma ba dangi ba ne, babu abin da ya haɗa shi da gidan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma, bayan an rufe shago. Za a tuƙa gawar, wato abin da ya rage a allon, da ƙafa zuwa gindin gadar dutse, inda kamfanin ya kafa rumfar sayar da huluna, a can za a danna madannin gogewa. An ce wasan zai yi ta tambaya ko an tabbata, zai kuma miƙo fuka-fuki kyauta don a fasa. An tabbata, kuma ba a so. Masu zuwa ta cikin wasa su sauko ƙasa su tsaya da ƙafafunsu, wanda ba zai iya ba ya yi zamansa a sama. Masu zuwa shago su zo da kujerunsu, benci ɗaya ne kuma gawa tana kai.

Ba a karɓar gaisuwar da ta fara da "ai wasa ne," ko wadda ta ƙare da "ka buɗe sabo." Ƙanwa tana iya zuwa da yaranta, gidan yayanta ne. Mijinta ya aiko yana tambaya ko zai iya halarta. An ce a gaya masa gurbi ya yi kaɗan.

Sista ta turo saƙo cewa tana bakin aiki ranar, amma za ta shiga ta waya a lokacin hutunta, da tsohuwar rigarta ta masu magani, ta tsaya a bayansa. Ta ce idan aka kawo mara lafiya za ta iya makara, a yi mata uzuri. Za a jira ta ko da duhu zai yi. Tana isowa za a danna, ba za a jira kowa ba bayan ita.