Sunan da ke Gindin Langa

Ko zan manta komai na karatun ungozoma, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare kundina ba, ranar da aka kama ni na yi hira da matar da ta daɗe a kabari.

Kundin a kan wankan jego ne. Littattafai sun ba ni kaɗan, amma ainihin naman aikin daga bakin surukata ya fito, uwar mijina, wadda ta tsufa tana karɓar haihuwa a Gyaɗi-Gyaɗi. Zama uku muka yi a ɗakinta, na ajiye waya tana naɗar murya, ita kuma tana zuba bayani: zafin ruwa, ganyen darbejiya, kunun kanwa, da matan da ta hana wankan saboda ta ga ƙafarsu ta kumbura.

Malamar da ke duba aikina, Madam Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna ce, ba ta wasa da ƙa'ida. Ta zagaye shafin manazarta da jan biro ta ce, "Duk wanda kika yi hira da shi, ina son cikakken suna, sana'a, wurin hira da rana. 'Iya' ba suna ba ne."

To, nan gizo ke saƙar. Shekarata tara a gidan, ban san sunan Iya ba. Kowa Iya yake cewa, har mai unguwa. Kuma wace suruka ce za ta dubi uwar miji ta ce, yaya sunanki? Na tambayi maigidan, ya dube ni kamar na zage shi ya ce, "Sunan uwata zan kama miki saboda takarda?" Ya shige banɗaki abinsa.

Sai na yi dabara (ni a lokacin gani nake na fi kowa wayo). Kun san yadda mata ke rubuta suna da fenti a gindin kwanuka don kada su salwanta a gidan biki. Ran nan Iya tana alwala, na kifa wata babbar langa da ke saman kabad ɗinta. Ga shi ɓaro-ɓaro da jan fenti: Hajiya Talatu Garba. Na kwafe a tafin hannu, na mayar da langa, na fito ina jin daɗi. Washegari na cike shafi, Madam ta sa hannu.

Ranar karewa mutum uku ne a gaban tebur. Idan suka ƙi kundin, sai na maimaita shekara, kuma gurbin aikin da ake riƙe min a wani asibitin Tarauni ya tafi ke nan. Na amsa tambayoyin farko lafiya lau. Sai wata babbar ma'aikaciyar jinya, Sista Binta, ta buɗe shafin ƙarshe ta gyara tabarau.

"Hajiya Talatu Garba, Gyaɗi-Gyaɗi. Ta bayan masallaci?"

Na ce, "E, ita."

"Kuma bana kika yi hira da ita?"

"Zama uku ma," na ce, har da murmushi.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Hajiya Talatu waina take sayarwa, ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Kuma ni na yi jinyarta har ta cika, shekara shida ke nan. Allah ya jiƙanta."

Ɗakin ya amsa da amin. Ni ma na amsa, don ban san me zan yi da bakina ba. Madam Rifkatu ta dube ni ta ce a hankali, "Ƙirƙirar hirar kika yi?" Wallahi wannan tambayar ta fi min komai ciwo, don matar ta yarda da ni.

Na zaro waya na kunna. Muryar Iya ta cika ɗakin tana faɗan matan da ke cika wa kunu kanwa. Sista Binta ta saki baki. "Ai wannan Iya ce! Ita ta yanke min cibiya." Sai na faɗi gaskiya duka, har langar. Namijin cikinsu ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na girgiza. Madam ta ce, "To, Sista, ke faɗa mana sunan." Sista Binta ta ce, "Iya dai."

Aka ba ni zuwa washegari in kawo sunan gaskiya, daga bakin mai shi.

Daga adaidaita sahu ɗakin Iya na wuce. Na durƙusa na kwashe labari kaina a ƙasa, ina jiran faɗan leƙen kayanta. Ta sa aka sauko da langar, ta juya ta. Ashe tun wani bikin suna aka kawo waina a ciki, aka manta ba a mayar ba. Ta daɗe tana kallon fentin, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, rabin unguwar nan a hannuna suka faɗo, ba wanda ya taɓa rubuta sunana ko a bango. Sau ɗaya tak za a sa ni a littafi, shi ne kika ba Talatu?"

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa na yi kuka. Ta faɗi sunanta da na mahaifinta, sau biyu, ta ce in rubuta a gabanta, in nuna mata inda ya fara da inda ya ƙare. Da yamma ni aka aika in mayar wa 'ya'yan marigayiya langarsu.

Na ci jarrabawar. Yanzu duk wanda zan ɗauki maganarsa, kafin in kunna waya sai na tambaye shi suna, ko da kunya za ta kashe ni, don kunyar minti ɗaya ta fi ta gaban mutum uku sauƙi. Kwafin kundin yana saman kabad ɗin Iya, daidai inda langar take a da, kuma duk baƙuwar da ta zo sai an buɗe mata shafin ƙarshe. Mai son sanin sunan ya je ya gaishe ta, za ta nuna masa da yatsa. A bakina dai ba za ku ji ba.