Kisan Gillar Bencin Ƙofar Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙaiƙayin duka, Baba Gagarau, tsohon mai fasa dutse, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar bencinsa na ƙofar gida, wanda aka yi wa kisan gilla ranar Talata da hantsi, yana da shekara talatin da takwas a duniya.

Gagarau ne ya hango wannan mutuwa kafin kowa. Tun ranar da surukinsa mai gyaran waya, mijin 'yar autarsa, ya tsuguna gaishe shi amma idonsa na auna faɗin ƙofar gida, ya san an yanke wa benci hukunci. Mutumin da nakiya ta cinye wa yatsu biyu, dutse ya danne shi wuni guda ya fito yana tambayar abinci, ba a koya masa warin ajali. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya karance fuskar yaron nan tas.

Marigayin ba ya tsinana wa kowa komai, kuma wannan ce babbar darajarsa. Ba ya waƙa, ba ya kawo labari, ba a yi masa caji. In ka zauna a kansa sai ya ce ƙiiit, sau ɗaya, ya yi shiru ya bar ka da kanka. Awar farko hamma ce. Ta biyu ka ƙirga tururuwa har ka ji kamar ka fasa ihu. A ta uku ne kai yake buɗewa. A kansa Gagarau ya yi kwana tara yana kallon bangon maƙwabci don rashin abin yi, har ya ga tsagar da ba wanda ya gani, ya fatattaki mutanen gidan da sanda, bango ya rufta a bayansu. A kansa ya fasa sakin matarsa sau huɗu, don kafin gundura ta gama da shi ya manta laifin da ta yi.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. 'Yar autar ta ja tsoho asibiti wai a duba masa ido, idon da ke ganin ƙuda a rufin gidan gaba. Suna barin layi suruki ya kawo kafinta da gatari, wai za a kafa shagon waya a wurin, a sa wa Baba talabijin ya daina zaman kashe wando. Mai shayin bakin layi ya shaida sai da aka sari bencin sau bakwai kafin ya faɗi, kuma bai ce komai ba sai ƙaƙas.

Gagarau ya dawo ya tarar da gawar a bakin kwata. Bai yi kuka ba. Ya ɗauki ƙafa ɗaya ta marigayin, ya bi kafinta har ƙarshen layi, ya karya ta a gadon bayansa. Da ta biyu ya tarwatsa gilashin shagon tun ba a kafa shi ba. Suruki ya tsallake katanga ya bar takalmi ɗaya da haƙori ɗaya. Suna nan a ajiye, ya zo ya karɓa in ya isa.

Marigayin ya rasu ya bar ƙafa biyu, da ƙusar da ta yage wandunan baƙi ba adadi, da sawu huɗu a ƙasa, da tsoho ɗaya da ya rasa inda zai zauna ya yi ba komai. 'Yar auta ta aiko cewa Litinin za a zuba simintin shago a wurin ko ana ha maza ha mata, wai rigimar tsufa ce kawai, gobe Baba zai gaji ya shige ɗaki.

Za a binne ragowar marigayin ranar Lahadi bayan azahar, a daidai inda ya rayu. Ba abinci, ba lasifika. Zaman makoki a ƙasa za a yi, awa uku, ba hira. Wayar da ta yi ƙara, rami ɗaya za ta shiga da benci. Daga nan Gagarau ba zai tashi ba. Duk mai cewa tsoho zai gaji, ya zo ya zauna gefensa a ga wanda zai fara motsi. Mai siminti kuma ya taho da buhuna isassu, don sai dai ya zuba a kan Gagarau, in yana da ƙirjin matsowa.